Waziri Ibrahim: Attajirin da ya nemi mulki ba da gaba ba

Da zarar kakar zaɓe ta kama, 'yan takara suka shiga jifan juna da baƙaƙen maganganu, sai ka ji wani dattijo ko mai sharhi ya tunatar da cewa siyasa ba da gaba ba ake yin ta. Yawancin matasan da ke maimaita wannan kalma ba su san taken mutum guda ne ba: Alhaji Waziri Ibrahim, attajirin Barno da ya tsaya takarar shugaban ƙasa sau biyu a Jamhuriya ta Biyu. Tarihinsa ya dace da masu jayayya a yau kan ko wanda ya iya juya dukiya zai iya riƙe ƙasa, domin kasuwa ce ta ba shi abin da ya fi kyau a siyasarsa, ita ce kuma ta ba shi abin da ya rusa ta.

An haife shi a Yerwa a shekarar 1926. Ya yi karatu a Damaturu da Maiduguri, sannan ya shiga Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta zama Barewa. Tsararrakinsa da suka fito daga wannan makaranta galibi koyarwa suka nufa ko aikin En'e, shi kuwa a 1948 kamfanin UAC ya shiga. A wancan zamani UAC ne babban mai sayen gyada da fata da kirgi a Arewa, kuma shi ke cika kantuna da atamfa da gishiri. Waziri ya fara daga ƙasa, ya hau har matsayin manaja a lokacin da kujerar kusan ta Turawa ce zalla. A nan ya koyi lissafi, ya kuma koyi cewa mai ciniki ba ya zagin wanda zai dawo gobe da kuɗinsa.

Siyasa ta ja shi zuwa NPC, jam'iyyar Sardauna. Ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, sannan ya zama Ministan Raya Tattalin Arziki a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. A hannunsa aka gabatar da Shirin Raya Ƙasa na farko, na 1962 zuwa 1968, wanda babban aikinsa shi ne madatsar ruwa ta Kainji. Mutanen Kebbi ta Kudu sun san wannan aiki fiye da kowa, don tafkin da ya haifar ya miƙa har Yawuri, ya tilasta wa dubban mutane barin garuruwansu na gado. Wannan muhimmin abu ne da masu kafa hujja da shi kan manta. Waziri bai faɗo siyasa daga kanti kai tsaye ba, ya yi shekaru yana minista kafin ya zama hamshaƙi.

Dukiyar ta zo ne bayan juyin mulkin Janairun 1966. Da sojoji suka rufe fagen siyasa, sai ya koma kasuwa da ƙarfinsa. Ya shiga harkar samar da makamai lokacin yaƙin basasa, ya kuma faɗaɗa zuwa shigo da kaya da masana'antu. Kafin shekarun 1970 su ƙare, sunansa na cikin manyan masu kuɗin Najeriya.

Da gwamnatin Obasanjo ta ɗage haramcin siyasa a watan Satumba na 1978, Waziri na cikin waɗanda suka riga kowa shiri. Ƙungiyarsa ta haɗu da wasu ƙungiyoyi biyu aka kafa NPP, jam'iyyar da ta tara 'yan siyasar Barno da na Tsakiyar Najeriya da na Legas da na Gabas. Ba a yi wata uku ba ta dare. Dalili kuwa shi ne Waziri ya so ya zama shugaban jam'iyya kuma ɗan takararta na shugaban ƙasa a lokaci guda, abokan tafiyarsa suka ƙi. A kamfani wannan ba abin mamaki ba ne, wanda ya zuba jari mafi yawa shi ke da kujera da kalmar ƙarshe. Jam'iyya kuwa kowa ganin kansa yake mai hannun jari, ko da tafi da ihu kawai ya kawo. Sauran suka gayyato Nnamdi Azikiwe ya karɓi tuta, Waziri ya fice ya kafa GNPP.

A ƙarƙashin GNPP ne taken nasa ya bazu. Sai an tuna irin siyasar da ya tashi a cikinta kafin a gane nauyinsa. Ya ga zamanin da ake ɗaure 'yan NEPU a kotunan alƙalai, ya ga arangamar NPC da Borno Youth Movement a Maiduguri a ƙarshen shekarun 1950, ya kuma ga inda gaba ta kai Jamhuriya ta Farko. A fagen da zambo da habaici da 'yan banga suke kamar kayan aiki, shi ya zaɓi ya gina yaƙin neman zaɓensa a kan cewa abokin hamayya ba maƙiyi ba ne. Cikin 'yan takara biyar na 1979, Shagari da Malam Aminu Kano malaman makaranta ne tun asali, Awolowo lauya, Azikiwe ɗan jarida. Waziri ne aka fi sani da kasuwa, kuma shi ne mafi sanyin harshe.

Sanyin harshen bai kai shi fadar mulki ba. A zaɓen 11 ga Agusta 1979 ya zo na biyar da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Amma rashin adalci ne a tsaya a nan. GNPP ta ci kujerun gwamna biyu, Mohammed Goni a Barno da Abubakar Barde a Gongola. A tsohuwar Jihar Sakkwato kuma, wadda a lokacin ta haɗa har da Zuru da Wasagu, Waziri ya samu fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a mahaifar Shagari, GNPP ta zama babbar jam'iyyar adawa a majalisar jihar. Ga talakan da ba ya son NPN, ita ce ƙofar da ke buɗe.

Gabar da ya guje wa kuwa ba ta guje shi ba. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na GNPP a majalisar dokokin Barno, ta tsallaka da shi Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Sai da kotu ta soke matakin. Zagin kan dandamali bai kai wannan zafi ba.

Sai dai abin da ya kashe GNPP daga cikin gida ya fito. Gwamnoninsa biyu sun shiga tafiyar gwamnonin adawa da ke neman haɗa ƙarfi a kan NPN, shi kuwa bai yarda a narkar da jam'iyyarsa cikin ta wani ba. Aka sake rabuwa kamar yadda aka yi a 1978. Goni ya koma UPN, Barde shi ma ya fita. Ba za a ɗora wa Waziri laifin duka ba, kusan kowace jam'iyyar adawa ta dare a lokacin, har PRP ta rabu Santsi da Taɓo. Amma sau biyu cikin shekaru kaɗan mutanen da ya tara suna watsewa kan batu guda, wato wane ne mai jam'iyya. A zaɓen 1983 ƙuri'unsa ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba, GNPP ba ta ci gwamna ko ɗaya ba, a ranar 31 ga Disamba kuma sojoji suka rufe shagon gaba ɗaya.

Ya rasu a 1992, shekarar da attajiri Ross Perot ya tsaya takara a Amurka da hujjar cewa ɗan kasuwa ne zai gyara ƙasa, ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari ba tare da cin jiha ko ɗaya ba. Shekara guda bayan haka Najeriya ta tsayar da 'yan kasuwa biyu, MKO Abiola da Bashir Tofa, soja ya soke zaɓen. 'Yar Waziri, Khadija Bukar Abba Ibrahim, ta wakilci Yobe a Majalisar Wakilai, ta kuma zama Ƙaramar Ministar Harkokin Waje a 2015.