Abdu Mumuni, ɗan lakwal na Damagaram da ya zaɓi rana

Duk ɗalibin da ya gama lise a Damagaram, ya ɗaure jakarsa ya hau mota zuwa Yamai neman ilmi mai zurfi, sunan da zai tarar a ƙofar babbar jami'a shi ne Abdu Mumuni. Da yawa sukan shiga su fita shekara da shekaru ba su tambayi ko wane ne mai sunan ba, balle su ji cewa shi ma ta Damagaram ya bi, da allonsa da allinsa, a zamanin da hanyar ba kwalta.

An haifi Abdu Mumuni Jofo, wanda takardun faransanci ke rubutawa Abdou Moumouni Dioffo, ran 26 ga watan Yuni 1929 a Tasawa, tsakanin Maraɗi da Damagaram. Asalin gidansu Kirtashi ne, can bakin kogin Kwara. A Damagaram ya yi karatun firamare kafin ya wuce Yamai. Damagaram ɗin da ya sani yana yaro gari ne da bai daɗe da rasa matsayinsa ba. Birnin da sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa, shi ne Faransawa suka kama a 1899, suka mai da shi hedkwatar Nijar, sa'an nan a 1926 suka kwashe ofisoshinsu zuwa Yamai, ƙarancin ruwa yana cikin dalilansu. Sarki Barma Mustafa ne a gadon sarauta lokacin da yaron ke zuwa lakwal. Lakwal kuwa a wannan zamani ba abin so ba ce ga yawancin iyaye, kuma Bature bai gina ta don a sami masana ba. Abin da yake nema shi ne tafinta, da magatakarda, da mai riƙe littafin haraji.

Daga cikin ƴan kaɗan da ke gama firamare, kaɗan ne ke samun wucewa Yamai, daga cikinsu kuma ake tsince waɗanda za a aika Senegal. A 1944, yana da shekara 15, Abdu Mumuni ya shiga makarantar William Ponty da ke Sebikotan, kusa da Dakar, makarantar da Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka riga shi zama. Ponty ita ce ƙurewar ilmin boko ga baƙar fata a ƙasashen da Faransa ke mallaka a yammacin Afirka, kuma ƙofofi uku take buɗewa: koyarwa, aikin ofis, ko makarantar likitoci ta Dakar. Wanda ya bi ta ukun yakan fito da takardar da ake kira ta likitan Afirka, wadda ba ta kai ta likitan Bature ba, ko da kuwa shi ke yin aikin duka. A wannan birni na Dakar akwai cibiyar Pasteur, inda a 1927 aka kama ƙwayar cutar shawara, amma bincike irin wannan na Turawa ne. Ɗan ƙasa yakan wanke kwalabe, ya leƙa madubin ƙara girma, ya kai rahoto.

Nan ne saurayin ya yi shawararsa ta farko. Takardar Ponty ta ishi mutum ya koma gida ya zama mushe, ya sami albashi da girma da aure, kuma ba wanda zai zarge shi. Shi kuwa da ya gama a 1948 sai ya koma benci. Ya shiga lise Van Vollenhoven ta Dakar don ya ci bakaloreya, takardar da in babu ita ba jami'ar da za ta karɓi mutum a Faransa. Zamani ma ya taimake shi, don bayan yaƙin duniya na biyu dokokin 1946 sun sassauta wasu shingaye. A 1949 ya isa Faris, ya yi shekara biyu a lise Saint-Louis, inda ake horar da ɗalibai kan lissafi da fizik horo mai tsanani, sa'an nan ya shiga tsangayar kimiyya ta jami'ar Faris. Ya sami lisansi a 1953, ya sami takardar nazari mai zurfi a 1954, a 1956 kuma ya ci agregasiyo a fannin fizik.

Ya kamata mai karatu ya san mece ce agregasiyo, don ba jarrabawa ba ce irin wadda duk wanda ya sami rabin maki ya wuce. Gasa ce. Gwamnatin Faransa takan ƙayyade yawan gurabe kowace shekara, a jera masu nema daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a yanke inda gurabe suka ƙare. Senghor ya ci ta nahawu a 1935, Joseph Ki-Zerbo na Burkina ya ci ta tarihi a wannan shekara ta 1956, Abdu Mumuni kuwa shi ne baƙar fata na farko daga waɗannan ƙasashe da ya ci ta fizik. Yana da shekara 27. Wanda ya riƙe wannan takarda ba sufeto ko darakta da zai ce masa iliminsa na ƴan mulkin mallaka ne, kuma abincinsa ya tabbata har tsufa.

Amma fa ba littafi kaɗai ya sa a gaba a Faris ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, wato FEANF, a 1950, yana kuma cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a 1957, jam'iyyar da ta nemi cikakken ƴanci tun manyan ƴan siyasa suna jin nauyin furta kalmar. Ya soma koyarwa a lise ɗin da ya yi ɗalibta a Dakar. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Gine ta Seku Ture ta ce a'a, Faransa ta fusata ta janye malamanta da likitocinta da ma'aikatanta. Abdu Mumuni ya bar kujerarsa mai tsoka a Dakar ya tafi Konakiri ya riƙe aji a lise Donka, kamar yadda Ki-Zerbo da waɗansu suka yi. Daga baya ya koyar a lise ta Yamai. Zaman bai yi tsawo ba. Jam'iyyar Sawaba da ta ce a'a ta sha kaye, an haramta ta a 1959, kuma mutum mai irin ra'ayinsa ba zai ji iska sosai a Yamai ta wancan lokaci ba.

Shawararsa ta biyu ita ce mafi muhimmanci, kuma sai da ya haye shekara 30 ya yi ta. Mai agregasiyo malami ne, ba mai bincike ba. In yana son ya zama mai bincike sai ya zaɓi fanni guda ya nitse cikinsa. A waɗannan shekaru idon masu fizik na duniya yana kan ƙwayar zarra da sararin samaniya, can ake samun suna, can kuɗi suke. Amma wanda ya bi nan ya sani ba zai dawo ba, don kayan aikin suna Turai da Amurka, ba kuwa ranar da za a kawo su Sahel. Abdu Mumuni ya dubi abin da ƙasarsa ke da shi fiye da Faransa, abin da manomi ke kuka da shi a bazara, ya zaɓi rana. Daga 1961 zuwa 1964 yana Tarayyar Sobiyet da burs na Makarantar Kimiyya ta ƙasar, yana koyon sarrafa zafin rana.

A 1964 ya fito da abu biyu. Na ɗaya maƙala ce a mujallar Présence Africaine kan amfanin ƙarfin rana ga ƙasashen Afirka. Na biyu littafinsa ne, L'Éducation en Afrique, wanda kamfanin Maspero ya buga a Faris, aka fassara shi da turancin Ingila a 1968. Abin mamaki ne a ce mai fizik ne ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan da aka fi karantawa kan tarbiyya a Afirka. Ya soma da tarbiyyar gargajiya, ya nuna yadda yaro ke koyo yana aiki cikin jama'arsa, ya bi makarantar mulkin mallaka ya tona abin da aka gina ta dominsa, sa'an nan ya kawo shawarwarinsa: a koyar da yara da harsunansu, a yaƙi jahilcin manya da harsunansu, a haɗa makaranta da aikin hannu da bukatun ƙasa. Wanda ya koyi karatu da rubutu da hausa a ajin yaƙi da jahilci yana da rabo a cikin wannan gardama, ko bai taɓa ganin littafin ba. A 1966 aka yi taron Bamako da ya daidaita baƙaƙen hausa da zabarmanci da fulatanci da barbarci da buzanci, a 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da harshen gida. A Damagaram aka buɗe ta, da hausa.

Daga Sobiyet bai zarce gida ba. Mali ta Modibo Keita ce ta karɓe shi. Ya kafa ɗakin binciken ƙarfin rana a Bamako, ya shugabance shi daga 1964 zuwa 1969, yana kuma koyarwa a babbar makarantar horon malamai. Cikin wannan aiki ne ya kammala doktora ta ƙasa a jami'ar Faris a 1967, kan madubai masu zurfi kamar ƙwarya, waɗanda ke tattara hasken rana wuri guda har ya yi zafin gaske. Yana da shekara 38, shekara 11 bayan agregasiyo. Ɗalibin yau zai ce ya makara. Sai dai kuma ranar da ya karɓi takardar yana da ɗakin bincikensa, da ɗalibansa, da tambayar da zai ƙare rayuwarsa a kanta, abin da masu doktora da yawa ke dawowa gida babu ko ɗaya.

Wannan lissafi bai tsaya ga masu fizik ba. Ɗalibin da ke karanta ilmin ƙananan halittu a jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010, in ya gama lisansi zai tarar da mararrabar nan: ya karɓi aikin gwaje-gwaje a asibiti, ko ya ci gaba zuwa masta da doktora, in zai ci gaba kuma a kan me, a wurin wa. Abin da rana ta zama ga Abdu Mumuni yana nan a fanninsa. Tun 1963 likita Lapeyssonnie ya zana yankin sanƙarau na Afirka, Damagaram kuwa tana tsakiyarsa; an kawo allurar MenAfriVac a 2010 ta karya irin ƙwayar da ta fi kisa, amma wani irin ya taso, ya sake kama jihar a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Ga kwalara, ga ruwan rijiya da na tafki a garin da ƙishirwa ta taɓa raba shi da hedkwata. Cibiyar CERMES ta Yamai don sanƙarau da tsargiya aka fara kafa ta.

A 1969 Abdu Mumuni ya dawo Nijar, aka ba shi shugabancin ofishin ƙarfin rana, ONERSOL, ya riƙe shi har 1985. Dawowarsa ta zo daidai da babban fari, wanda ya cinye dabbobi da itatuwa har 1974, shekarar da Seyni Kunce ya karɓi mulki. Kowa ya ga da idonsa abin da ake nufi in an ce itacen girki yana ƙarewa. A ofishin aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace ruwa, da murhun girki, da na'urar shanya amfanin gona, duka da zafin rana, aka kuma yi aiki kan injin da rana ke juyawa don jawo ruwa. Na'urar ɗumama ruwa ta hau rufin gidaje da ma'aikatu. Murhun rana kuwa bai shiga zuciyar mata ba, kuma ba laifinsu ba ne: tuwo da dare ake tuƙa shi, a inuwa, murhun kuwa tsakar rana yake so, a fili. Daga baya ma duniya ta karkata ga faifan da ke mai da haske lantarki kai tsaye, wanda ya yi ta araha har ya isa kasuwannin ƙauye, ba ga hanyar zafi da ofishin ya fi ba ƙarfi ba. A zaɓen rana dai bai yi kuskure ba.

Bai bar alli ba duk tsawon wannan lokaci. Ya koyar da fizik a jami'ar Yamai, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1973, a 1979 kuma aka naɗa shi shugabanta, ya yi wajen shekara uku. Hukumomin duniya, irin su UNESCO, sun riƙa neman shawararsa kan ƙarfin rana. Waɗanda suka zauna gabansa a aji su ne suka riƙe sashen fizik a bayansa.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61, watanni kaɗan kafin a buɗe babban taron ƙasa. Aka kai shi Kirtashi aka rufe. A 1992 gwamnati ta sa wa jami'ar Yamai sunansa. Allah ya jiƙansa da rahama.