Margaret Greville: Attajirar da ta mayar da walima hanyar shiga fada

Margaret Greville ba ta taɓa tsayawa takara ba, ba ta kuma riƙe kujerar gwamnati ba. Amma tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, 'yan sarauta da ministoci da jakadu a Birtaniya sun riƙa rububin halartar walimarta.

An haife ta a 1863. Mahaifinta, William McEwan, hamshaƙin mai kamfanin giya ne a Edinburgh, wanda bai auri mahaifiyarta ba sai a 1885, lokacin da Margaret ke da shekara 21. A Birtaniyar wancan zamani, wannan tabo ya isa ya rufe wa mace ƙofofin manya. Dukiya ce ta buɗe mata su.

A 1891 ta auri Ronald Greville, ɗan babban gida mai kusanci da fada. Sun mallaki katafaren gidan Polesden Lacey da ke Surrey a 1906, mijin kuma ya mutu bayan shekara biyu ba su haihu ba. Zawarci bai sa ta ja da baya ba: a 1909 ta karɓi baƙuncin Sarki Edward na Bakwai, a 1913 kuma ta gaji dukiyar mahaifinta.

Daga nan gidanta ya zama mahaɗar masu faɗa a ji. A kan teburinta ake ƙulla abota, a yi raɗa, a ɗaga wani a kayar da wani, ita kuwa an san ta da kaifin harshe. A 1923 Yarima Albert da amaryarsa Elizabeth suka yi hutun angwanci a gidan. Shekara 13 bayan haka angon ya zama Sarki George na Shida.

Sai dai wannan tasiri, da babu mai jefa ƙuri'ar da zai tuhume shi, ya karkata inda bai dace ba. A 1934 ta halarci gangamin jam'iyyar Nazi a Nuremberg, ta dawo cike da sha'awar abin da ta gani. Ta kuma buɗe ƙofarta ga Joachim von Ribbentrop, wanda ya zama jakadan Hitler a Landan a 1936, ya samu damar cuɗanya da manyan ƙasar. Shi ne aka rataye a Nuremberg a 1946 bisa laifukan yaƙi.

Margaret ba ta ga wannan rana ba. Ta mutu a 1942 a otal ɗin Dorchester, inda ta tare a shekarun da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan. Ta bar gidanta ga hukumar adana kayan tarihi ta National Trust, kayan adonta na alfarma kuma ga Sarauniya Elizabeth, amaryar nan ta 1923. Har yau matan gidan sarautar Ingila na ɗora kambunan lu'ulu'unta a ka.