Charles de Foucauld

Charles Eugène de Foucauld (15 ga Satumba 1858 – 1 ga Disamba 1916) Bafaranshe ne, tsohon soja, limamin ɗariƙar Katolika kuma masanin harshe, wanda ya yi shekaru 11 na ƙarshen rayuwarsa a cikin Buzayen tsaunukan Ahaggar da ke kudancin Aljeriya. Ya je can da fatan kai musu addinin Kirista, amma bai kafa jama'ar Kirista a cikinsu ba. Babban abin da ya bari shi ne ƙamus na harshensu, wanda masana ke dogaro da shi har yau. An ayyana shi waliyyi a shekarar 2022, kuma ana tunawa da shi kowace ranar 1 ga Disamba.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Strasbourg, a gidan masu sarauta da dukiya. Iyayensa biyu sun rasu a 1864, bai cika shekara shida ba, sai kakansa na wajen uwa, Kanar de Morlet, ya riƙe shi. Tun yana matashi ya bar addini. Ya shiga makarantar soja ta Saint-Cyr a 1876, daga nan ya wuce ta sojan doki a Saumur, inda ya zo na ƙarshe a ajinsa. Gadon da ya ci ya ɓarnatar da kaso mai yawa a sharholiya. Ya yi aikin soja a Aljeriya, ya ajiye kaki a 1882.

Tafiyar Maroko da komawa addini

Daga 1883 zuwa 1884 ya zagaya Maroko cikin shigar Bayahude, tare da wani malamin Yahudawa mai suna Mardochée Aby Serour, domin a lokacin yawancin ƙasar a rufe take ga Turawa. Taswirorin da ya zana sun sa Ƙungiyar Nazarin Ƙasa ta Paris ta ba shi lambar zinariya a 1885. Yadda ya ga Musulmi na riƙo da salla ya sa ya sake tunani kan Allah. A watan Oktoba 1886 ya koma Katolika a hannun Fada Henri Huvelin. Ya shiga ƙungiyar 'yan zuhudu ta Trappist a 1890, ya zauna a Akbès cikin ƙasar Sham. A 1897 ya fita ya koma Nazarat, inda ya yi shekaru uku yana aikin bara a gidan wasu mata masu zuhudu. An naɗa shi limami a Viviers ranar 9 ga Yuni 1901.

Zama a Sahara

Ya fara sauka a Béni Abbès a ƙarshen 1901. A can ya fanshi wasu bayi, ya kuma riƙa rubuta wasiƙu yana sukar yadda hukumomin Faransa suka kau da kai daga bauta. A watan Agusta 1905 ya zauna a Tamanrasset, wadda a lokacin ƙauye ce mai gidaje kamar ashirin, da yardar sarkin Buzayen Ahaggar, Musa ag Amastan. Ba ya tara mutane ya yi wa'azi. Hanyarsa ita ce zaman maƙwabtaka da raba abinci da magani. A farkon 1908, ana cikin fari, ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa, Buzaye suka nemo masa nonon awaki har ya murmure.

Aikinsa kan harshe

Harshen da ya yi nazari shi ne Tamahak, karin arewa na harshen Buzaye, ɗan'uwan Tamajak da ake ji a Agadas da Tawa, da kuma bakin Buzayen da ke zuwa Kano. Yana cikin reshen Barbar na dangin harsunan Afro-Asiya, dangin da Hausa take ciki ta reshen Cadi. Foucauld ya fara aikin tare da abokinsa Motylinski, wanda ya rasu a 1907, sannan ya ci gaba da taimakon masu harshen, musamman Ba-Hammu, magatakardan sarki.

Ya tattara waƙoƙin baka masu layi kusan 6,000, ya fassara su tare da bayanin mawaƙan, aka buga su a juzu'i biyu a 1925 da 1930. Babban ƙamusinsa na Tamahak zuwa Faransanci ya fito a juzu'i huɗu a 1951–1952, mai shafi fiye da 2,000. An buga shi da hoton rubutun hannunsa, kuma ya sa kalmomi cikin haruffan Tifinagh, ya jera su bisa saiwar kalma.

Mutuwa

A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, boren adawa da Faransa mai alaƙa da ɗariƙar Sanusiyya ya bazu a Sahara. Foucauld ya gina ƙaramar ganuwar ƙasa a Tamanrasset domin mutanen ƙauyen su fake, aka kuma ajiye bindigogi a ciki. Da yammacin 1 ga Disamba 1916 mahara suka yaudare shi ya buɗe ƙofa, suka ɗaure shi. Da wasu sojojin raƙumi biyu suka bayyana, yaron da ke gadinsa, mai kimanin shekara 15, ya firgita ya harbe shi a kai. A cikin watan ne Kaosen ya yi wa sansanin Faransa na Agadas ƙawanya. A 1929 aka mayar da gawar Foucauld El Goléa, wadda yanzu ake kira El Menia.

Waliyyantaka da ranar tunawa

Ya mutu ba tare da ƙungiyar zuhudun da ya yi burin kafawa ba. Littafin tarihinsa da René Bazin ya wallafa a 1921 shi ya fito da sunansa. René Voillaume ya kafa Ƙananan 'Yan'uwan Yesu Maza a 1933, Magdeleine Hutin kuma ta kafa ta mata a 1939, duka a Aljeriya. An sanya shi cikin masu albarka ranar 13 ga Nuwamba 2005, zamanin Fafaroma Benedict na 16. Fafaroma Francis ya ayyana shi waliyyi ranar 15 ga Mayu 2022, bayan Vatican ta amince da tsirar wani matashin kafinta da ya faɗo daga tsayin mita 15 a Saumur a 2016 a matsayin mu'ujiza. Ranar idinsa ita ce ranar da aka kashe shi, kamar yadda aka saba yi wa yawancin waliyyai a Katolika.

Muhawara

Wasu masana tarihi na sukarsa saboda kusancinsa da hafsoshin Faransa irin su Henri Laperrine, waɗanda yake aika wa bayanai kan halin da yankin ke ciki, da kuma goyon bayansa ga mulkin mallaka. Masu kare shi kuma suna kafa hujja da adawarsa da bauta da ƙorafinsa kan zaluncin wasu jami'ai. Ƙamusin nasa dai ya kasance tushe ga masu nazarin harsunan Barbar, ciki har da Karl-Gottfried Prasse na Denmark, wanda ya rubuta nahawun harshen Buzaye.