Rudolf Diesel, Mutumin Da Sunansa Ya Zama Sunan Mai

A ranar 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter ya kafa na'urorin awonsa a jikin wani inji mai silinda ɗaya a masana'antar ƙera injuna ta garin Augsburg, a kudancin Jamus. Injin ya fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, nauyinsa ya haura tan huɗu, ƙarfinsa kuwa bai kai na doki 20 ba. Da aka gama lissafi, sai aka ga ya mayar da kashi 26 cikin ɗari na ƙarfin man da ya sha zuwa aiki. Injunan tururi na zamanin da kyar suke wuce kashi 10. Mai injin, Rudolf Diesel, yana gab da cika shekara 39.

An haife shi a Faris ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne 'yan ci-rani, uban yana sana'ar fata a wani ƙaramin shago, gidan kuma na hannu baka hannu ƙwarya ne. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furushiya a 1870, aka kori Jamusawa daga birnin, iyalin suka tsere Landan. Daga can aka tura yaron, yana ɗan shekara 12, wurin dangi a Augsburg. Ya yi fice a karatu, ya samu tallafi zuwa kwalejin fasaha ta Munik, inda ya kammala a 1880 da sakamako mafi daraja, bayan zazzaɓin taifot ya jinkirta masa jarrabawa.

A Munik ne malaminsa Carl von Linde, gwanin injunan sanyi, ya nuna wa ɗalibai irin asarar da injin tururi yake yi: yawancin zafin kwal yana tafiya ne a banza. Maganar ta zauna wa Diesel a rai. Ya koma Faris ya shugabanci masana'antar ƙanƙara ta Linde, ya auri Martha Flasche a 1883, suka haifi 'ya'ya uku, amma hankalinsa na kan injin da zai rage wannan asara. Ya fara gwada tururin amoniya, gwajin ya fashe, ya kwantar da shi asibiti na watanni.

Dabarar da ya tsaya a kanta daga baya, duk wanda ya taɓa yi wa keke iska ya ji ta a tafin hannunsa, domin iska idan an matse ta zafi take yi. A cika silinda da iska zalla, fistin ya matse ta har ta yi zafin da ya isa, sannan a fesa mai a ciki, ya kama da kansa ba tare da fulogi ba. Ya samu rajistar haƙƙin ƙirƙira a Fabrairun 1893, masana'antar Augsburg da kamfanin Krupp suka zuba kuɗi. A gwajin farko, cikin Agustan shekarar, na'urar awon matsi ta tarwatse a gabansa. Sai a Fabrairun 1894 injin ya juya da ƙarfin kansa, na minti ɗaya tak.

A takarda, Diesel ya nemi matsin da ya ninka na iskar duniya sau 250. Ƙarfen zamaninsa bai iya ɗauka ba, dole ya sauko zuwa wajen 30 da ɗoriya. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne fesa man. Ya so ya tura shi kai tsaye cikin matsattsiyar iska, amma babu maƙerin da zai iya yi masa famfo mai daidaiton da ake bukata. Sai ya koma hura man da wata iskar da aka matse daban, abin da ya jawo wa injin ƙarin kwamfaresa, ƙarin nauyi da jinkiri. Masu sukarsa sun riƙe wannan har ƙarshen ransa, suna cewa injin da ya yi aiki ba shi ne wanda ya rubuta a takardar rajista ba. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, sai dai su ma ba su kawo wanda ya fi nasa ba.

Wannan ƙulli bai warware ba sai bayan mutuwarsa. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa, dizal ya samu shiga manyan motoci sosai, a 1936 kuma Mercedes ta fito da ƙaramar mota mai shan sa. Motocin a-kori-kura na yau sun kai abin wani mataki. Bututu guda yana riƙe da mai a matsin da ya ninka na iskar duniya fiye da sau 2,000, kwamfuta tana buɗe injekta ta rufe sau da dama a bugu ɗaya na fistin, shi ya sa ƙarar nan ta tsohon dizal ta ragu. Lokacin da Toyota ta sauya injin Hilux a 2015, ta rage girmansa daga lita 3.0 zuwa 2.8, ta bar turbo ya cike giɓin, ta kuma ce ingancinsa ya kai kashi 44 cikin ɗari. A ƙasashen da dokar hayaƙi ta yi tsauri, an ƙara matatar da ke kama baƙin hayaƙi a salansa, da tankin ruwan yuriya mai kashe gubar iskar. Farashin wannan daidaito shi ne injin ya zama mai zaɓen abinci. Ɗigon ruwa, ƙura ko yawan farar wuta a cikin mai sun isa su lalata injekta ko matata, kamar yadda jami'an sufuri na ma'aikatu suka sani daga takardun kuɗin gyara.

Injin Diesel na asali bai da wannan tsirfa. A baje kolin duniya na Faris a 1900 an tayar da wani ƙarami da man gyaɗa, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen Afirka da take mulka, inda gyaɗa ke yabanya. Diesel ya yi ta ambaton gwajin a laccocinsa na 1912, shekarar da cinikin gyaɗa ya fara bunƙasa a Kano bayan isowar jirgin ƙasa.

Kuɗi sun shigo masa kamar ruwan Agusta. Attajirin Amurka Adolphus Busch kaɗai ya biya mak miliyan ɗaya don haƙƙin ƙera injin a ƙasarsa. Amma injunan farko da aka sayar sun yi ta lalacewa, shari'o'i suka taso, ciwon kai ya matsa masa har aka kwantar da shi a 1898. Ya gina katafaren gida a Munik, ya zuba dukiya a cinikin filaye da haƙar mai, aka yi ta asara. Burinsa tun farko shi ne ƙaramin mai sana'a irin mahaifinsa ya samu injin da zai yi gogayya da manyan masana'antu. A 1903 ya wallafa littafi kan haɗin kan ma'aikata, kaɗan aka saya. Injin kuwa ya tafi wurin masu ƙarfi: tashoshin lantarki, jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, da manyan jiragen ruwa irin Selandia ta Denmak, wadda ta fara tafiya a 1912.

Da yammacin 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden a Antwerp ta Beljiyam, zai halarci taron wani kamfanin injunansa a Landan. Ya ci abincin dare da abokan tafiya, ya shiga ɗaki wajen ƙarfe goma, ya bar saƙo a tashe shi da shida da kwata. Da safe aka tarar ba a kwanta a gadon ba, hularsa da kwat ɗinsa suna ninke kusa da shingen bayan jirgin. Kwana goma bayan haka wani jirgin Holan ya ga gawa a teku, ma'aikatan suka cire 'yan kayan aljihunta, ɗansa Eugen ya tabbatar na mahaifinsa ne. Jaridu sun yi ta raɗe-raɗin kisa, ganin Jamus da Ingila na shirin yaƙi, amma yawancin marubuta tarihinsa sun karkata ga cewa shi ya jefa kansa. Kafin ya bar gida ya ba Martha wata jaka, ya ce kada ta buɗe sai mako mai zuwa. Da ta buɗe, ta samu mak 20,000 da takardun banki da ke nuna asusunsu ya kusa ƙarewa. Shekarunsa 55.