Agnes Pockels, wadda ta fara bincike daga ruwan wanke-wanke

An haifi Agnes Pockels a shekarar 1862, ta girma a garin Braunschweig na ƙasar Jamus. Tana son ilimin kimiyya, amma a zamaninta jami'o'in Jamus ba sa ɗaukar mata. Ƙanenta Friedrich ya tafi jami'a, ita kuwa ta zauna gida tana jinyar iyayensu. Littattafansa ta riƙa karantawa.

A wurin wanke-wanke ta lura da yadda maiƙo da sabulu ke sauya halin saman ruwa. Duk wanda ya ga mai ya bazu a ruwan dam ɗin Goronyo, ko a kwanon miya, ya san abin. Ita dai ba ta tsaya ga kallo ba. Tana da shekara ashirin ta haɗa wani dogon kwano na kwano, ta gitta siririn ƙarfe a bakinsa. Idan ta tura ƙarfen sai maiƙon ya matse, ta auna ƙarfin da ruwan ke riƙe maɓallin riga da shi, ta hanyar ƙaramin sikeli. Da haka ta gano iyakar da shimfiɗar mai ke kaiwa idan aka matse ta, shimfiɗar da kaurinta ƙwayar sinadari ɗaya ne tak.

A 1891 ta rubuta wa masanin Ingila Lord Rayleigh wasiƙa, ya sa mujallar Nature ta buga. Irving Langmuir ya inganta kwanon nata, ya samu kyautar Nobel a 1932. A shekarar ce aka ba ta digirin girmamawa a Braunschweig, tana da shekara 70. Ta rasu a 1935.