Takaitaccen Tarihin Yaa Asantewaa, Jarumar Ashanti

Jama'a, a tafiyarmu ta fatauci zuwa Kumasi, bayan mun gama ciniki, mun leƙa gidan tarihin soja da ke cikin tsohon sansanin da Turawan Ingila suka gina a 1897. Bindigogi da hotuna ga su nan birjik, amma abin da ya tsaya mana a rai shi ne labarin wata tsohuwa.

An haifi Yaa Asantewaa wajen 1840. Manomiya ce, kuma ita ce Magajiyar garin Ejisu, kusa da Kumasi. A 1896 Turawa suka kama Sarkin Ashanti, Prempeh na Ɗaya, suka fitar da shi daga ƙasar, har da jikanta, Sarkin Ejisu. Riƙon gari ya dawo hannunta.

A watan Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya zo Kumasi, ya ce a kawo masa kujerar zinariya ya zauna a kai. Ita kuwa kujerar nan, a wurin Ashantawa ran ƙasarsu ne, ko sarki ba ya zama a kanta. Hakimai suka yi jugum. Nan fa baiwar Allah, tana wajen shekara sittin, ta miƙe ta zaburar da maza, aka ba ta jagorancin yaƙi.

Suka yi wa sansanin nan ƙawanya wajen wata uku. Yunwa da cuta suka ci mutane a ciki, Gwamna da kansa sai da ya sulale a watan Yuni. A Yuli Kanar Willcocks ya iso da dakaru ya fasa ƙawanyar. An kama ta a 1901, aka kai ta tsibirin Seshel, can ta rasu a 1921. Kujerar dai Turawa ba su same ta ba.

To, ga inda jikinmu ya yi sanyi. Da yawa daga cikin sojan da Bature ya yaƙe ta da su Hausawa ne. Shekara uku kacal bayan haka, a 1903, irin wannan runduna ta ci Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu da muke zaune a garin wasu, mu san tarihin masu masaukinmu, kada mu yarda a mai da mu sandar dukansu. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.