Nate Saint, Matuƙin Jirgin Bishara

Da yawa cikinmu sun taɓa ganin ƙaramin jirgin mishan yana sauka a fili, ƙura na tashi a bayansa. Ga labarin wani bawan Allah wanda ya ƙware a kan irin wannan jirgi.

An haifi Nate Saint a Amurka a shekara ta 1923. Tun yana yaro ba abin da ya ke so kamar jirgin sama. Ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma wani tsohon ciwon ƙashi a ƙafarsa ya hana shi tuƙin jirgin soja. A 1948 ya tafi ƙasar Ekwado da matarsa, su yi wa masu wa'azi hidima a cikin kurmi. Kafin shekaran nan ta ƙare jirginsa ya faɗi a Kito wajen tashi, ya karye a baya. Da ya warke ya koma bakin aikinsa.

Jirgin da aka fi saninsa da shi, wato Piper rawaya, ƙafa biyu gare shi a gaba, da 'yar ƙarama guda ƙarƙashin wutsiya. Irin wannan ya dace da filin daji, gama hancinsa a ɗage ya ke, farfela ba ta kai wa ƙasa. Amma yana da hali. Nauyinsa yana bayan manyan ƙafafun, saboda haka in yana gudu a ƙasa wutsiya takan nemi ta juyo gaba, sai matuƙi ya yi ta gyara ta da ƙafafunsa har jirgi ya tsaya cik. A kan rairayi kuwa abin ya fi wuya. In taya ta nutse, ko aka taka birki da ƙarfi, sai wutsiya ta ɗaga, jirgi ya kife da hanci. Domin haka akan sauko a hankali, ƙafa ukun su taɓa ƙasa tare, a riƙe sandar tuƙi a baya don wutsiya ta zauna. Wajen tashi kuma rairayi yakan riƙe taya, ga itatuwa suna jira a gaba.

A cikin kurmin nan akwai Waorani, kabilar da a wancan lokaci ba ta barin baƙo ya shiga ƙasarta. Daga Oktoba 1955 Nate ya riƙa kai musu kyauta ta wata dabara tasa: ya saki guga a kan doguwar igiya, ya yi ta kewaya a sama har gugan ya tsaya a tsakiya, a sa hannu a ɗauka.

Wurin sauka ne babu, sai wani tudun rairayi a bakin Kogin Kurarai, tsawonsa wajen yadi 200. A nan ne na fi ganin halin mutumin. Bai yi garaje ba. Ya auna tsawon wurin daga sama tukuna, sa'an nan ya sauko ya goga tayoyinsa a kan rairayin, ya sake tashi ba tare da tsayawa ba, domin ya ji ƙarfin ƙasar. Sai ran 3 ga Janairu 1956 ya sauka sosai, ya yi ta kai da kawowa da abokansa da kaya. Da yamma yakan mai da jirgin Arahuno, kada kogi ya cika da dare ya tafi da shi.

Ran 6 ga wata Waorani uku suka fito, har ya ɗauki namijin cikinsu ya kewaya da shi a sama. Ran 8 ga wata kuwa waɗansu suka zo da māsu, suka kashe Nate da abokansa huɗu, Jim Elliot, Ed McCully, Pete Fleming da Roger Youderian. Shekarunsa 32.

A 1958 yayarsa Rachel ta shiga wurin Waorani ta zauna da su, waɗansu daga cikin masu kisan kuwa suka ba da gaskiya. Ƙarafan jirgin suka kwanta cikin rairayi har 1994, sa'ad da aka tono su aka kai Amurka.